Gida Ya Ƙi Sayuwa? Yadda Za Ka Gano Abin Da Ke Korar Masu Saye, Ka Magance Shi Bi Da Bi

Tambaya ɗaya ce ke ta zuwa mini ta fuskoki daban-daban: "Na sa gidana a kasuwa, mutane suna zuwa su zagaya, su ce za su kira, daga nan sai shiru. Me ke faruwa?" Yawancin masu wannan tambaya sun riga sun yanke cewa kasuwa ce ta mutu, ko dillali ne ba ya ƙoƙari. Wani lokaci haka ne. Amma in har ana zuwa dubawa kuma babu mai tayawa, to talla ta yi aikinta, farashin ma bai kori mutane tun daga nesa ba. Wani abu ne suka gani, ko suka shaƙa, bayan sun shigo.

Mai saye ba ya lissafin gyara yadda kai kake yi. Kai ka san tabon da ke silin ɗin falo daga ƙusa ɗaya ce da ta saki a rufi. Shi bai sani ba, don haka a ransa rufin gaba ɗaya yake canzawa, sai ya zabge wannan kuɗin daga tayinsa, ko ya wuce gidan da ba zai sa shi wannan tunani ba. Aikinka shi ne ka rage abubuwan da za su bar shi cikin zato. Aikin kuma yana da tsari: ruwa a farko, fenti a ƙarshe. Wanda ya juya tsarin zai biya sau biyu.

Mataki na 1: Ari idon wani da hancinsa

Wanda ya daɗe a gida ya daina ganinsa. Hanci yana sabawa da wari har ya daina jin sa, hannu kuma ya saba da ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa. Saboda haka nemi mutum biyu waɗanda ba su saba shiga gidan ba, kuma ba sa jin nauyinka. Ƙaninka ko yaronka ba za su faɗa maka gaskiya ba. Ka ba kowanne cikin mutum biyun takarda da biro, su fara daga bakin titi, su bi gidan ɗaki bayan ɗaki, kai kuwa ka biyo su a baya bakinka a rufe. Duk inda ka ji kana son ka yi bayani ko ka kare gidan, wurin ne ya fi cancanta a rubuta.

Bayan nan kai ma ka zagaya sau uku: da rana tsaka, da dare bayan an kunna fitilu, da kuma bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. Zagaye na ukun shi ne ya fi tona asiri.

Kayan aikin ba su da yawa: tocila mai haske, tsani, tef ɗin awo, sukuddireba, fensir, bokiti mai cin lita 10, leda mai kauri da salatif, cajar waya don gwada soket, da wayarka don ɗaukar hoto. In ka samu aron na'urar auna danshin bango, ta taimaka, amma ba dole ba ce.

Mataki na 2: Kasa abin da kuka rubuta gida uku

Kashi na farko ƙananan abubuwa ne masu araha da ido ke saurin kamawa: famfo mai ɗiga, makunnin wuta da ya fashe, hannun ƙofa mai girgiɗi, gilashin taga da ya tsage. Waɗannan duka za ka gyara, babu zaɓe. Kashi na biyu su ne masu tsoratarwa: danshi, tsagewar bango, gara, tsofaffin wayoyin wuta. Waɗannan sai ka gano asalinsu tukuna, sannan ka zaɓi ko ka gyara ko ka samo rubutaccen kiyasin gyara ka ajiye wa mai saye. Kashi na uku shi ne abin da kuɗi ba ya gyarawa, kamar hayaniyar titi ko ƙanƙantar fili, kuma za mu zo kansa.

Kowane aiki mai ɗan girma, nemi kiyasi daga ma'aikata biyu ko uku, ka ce su raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan jimillar, domin tsohon gida da zarar an buɗe shi sai wani abu ya ɓullo.

Hattara: kada ka fasa kicin ko banɗaki mai aiki don ka yi sabo saboda sayarwa. Shi ne aikin da ya fi cin kuɗi, kuma da wuya ya dawo da abin da ya ci. Tayil ɗin da ka zaɓa da son ranka, mai saye na iya ɓamɓare shi a watansa na farko.

Mataki na 3: Bi sawun ruwa, daga sama zuwa ƙasa

A nan zan fi daɗewa, domin babu abin da ke kashe ciniki kamar danshi. Tabo a sili, fenti mai kumbura yana ɓarewa, baƙin ɗigo-ɗigon fumfuna a kusurwa, farin gishiri da ke fitowa a gindin bango: duk wanda ya taɓa zama a gida mai laima ya san waɗannan alamu, kuma da ya gan su hankalinsa ya bar gidan.

Fara daga rufi. Hau da tocila ka leƙa tsakanin sili da rufi da rana, ka kashe tocilar ka ga ko haske na shigowa ta wani rami. Duba katako ko yana da baƙin tabo, duba mahaɗar rufi da bango, da inda bututu ya huda rufin, domin yoyo ya fi faruwa a mahaɗa. Ka tuna ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, don haka ramin ba lallai ne ya kasance saitin tabon ba. Share indararo da duk hanyar da ruwan rufi ke bi. Indararon da ganye ya toshe yana kwarara ruwa a jikin bango, kuma gyaransa aikin awa ɗaya ne.

Sai bango. Danshin bango iri uku ne, maganinsu kuma daban-daban. Akwai mai shigowa daga waje ta tsaga ko ta bututun da ya fashe a cikin bango, wanda yakan tsaya a wuri ɗaya ya yi faci. Akwai mai tasowa daga ƙasa, wanda ke bin gindin bango, yawanci ba ya wuce tsayin mita ɗaya, shi ne kuma ke zuwa da farin gishiri. Akwai kuma raɓa, wato tururin wanka da girki da numfashi da ke kwanciya a bango mai sanyi a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Don ka bambance, yanki leda kamar tafin hannu biyu, ka manna ta a wurin da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana biyu. In ruwa ya taru a bayan ledar, ta ɓangaren bango, daga cikin ginin yake fitowa. In a fuskar da ke kallon ɗaki ya taru, raɓa ce, maganinta kuma iska: buɗe taga, sa fankar fitar da tururi a banɗaki da kicin, janye kabad daga jikin bango.

In kana zargin bututu, rufe duk famfunan gida ka duba mitar ruwa, ko ka sa alama a tanki da dare ka duba da safe. In mitar ta motsa ko ruwan tankin ya ragu ba a taɓa ruwa ba, akwai yoyo a ɓoye.

Daga nan fita waje ka dubi ƙasa. Ya kamata ta gangara daga jikin gini zuwa waje, misalin santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Sau da yawa mutum ya yi ta cike tsakar gida ko ya yi daɓe a kan daɓe har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu, ko ya yi gadon fure a manne da bango yana ba shi ruwa kullum. Rage ƙasar, janye furen, gyara magudana ta yadda ruwa ba zai kwana a gindin gini ba.

Hattara: bango ba ya bushewa a mako guda. Magina suna ƙiyasta kusan wata ɗaya ga kowane santimita biyu da rabi na kaurin bangon da ya jiƙe. In ka yi fenti a kan jiƙaƙƙen bango, zai kumbura, kuma yakan kumbura ne daidai lokacin da ake tsakiyar ciniki.

Fumfunar da ba ta kai faɗin mita ɗaya ba za ka iya wanke ta da kanka da sabulu da ruwa, da safar hannu da takunkumi, tagogi a buɗe. In ta fi haka, kira masu aikin. Tun a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan danshi da fumfuna a cikin gida saboda alaƙarsu da asma da cututtukan numfashi, don haka mai saye da ke da ƙananan yara yana da hujjar gudu.

Hattara: kada ka haɗa ruwan bilic da wani sinadarin wanke masai. Haɗin yana fitar da iska mai guba.

Mataki na 4: Tsagewar bango da gara

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mai neman ragi ma haka. Amma ba kowace tsaga ce matsala ba. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta kasa tsagu bisa faɗinsu: wadda ba ta wuce milimita 5 ba galibi ta ɓata kyau ce kawai, daga 5 zuwa 25 tana shafar amfanin gini, kamar ƙofa ta ƙi rufuwa ko ruwa ya riƙa shiga, wadda ta wuce 25 kuwa magana ce ta tsayuwar ginin kansa. Auna taka da tef. Sirara masu kama da gashi da suka bazu a filasta, kankare su, cike, goge da sanfefa. Waɗanda ya kamata su tsayar da kai su ne wadda ta tafi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, wadda ta bi layin bulo tana hawa hawa-hawa, wadda sama ya fi ƙasa faɗi, da wadda ake gani ciki da waje a wuri ɗaya.

Sa alamar fensir a ƙarshen tsagar, rubuta faɗinta da kwanan wata, ka sake aunawa bayan makonni huɗu zuwa takwas. In tana ƙaruwa, kira injiniyan gini, ba mai filasta ba. Kuɗin rahoton injiniya kaɗan ne a kan abin da tsoro zai cire daga farashinka, kuma takarda ce da za ka miƙa wa mai saye. Dubi itatuwa ma: babbar bishiya dab da bango tana zuƙe ruwan ƙasa, saiwarta na ɗaga daɓe tana shiga bututun masai.

Ita gara tana barin hanyoyin laka a jikin bango da katako. Ƙwanƙwasa firam ɗin ƙofa da katakon rufi da gindin sukuddireba. In ka ji ƙarar fanko, ko bakin sukuddireba ya nutse, ta ci. Feshin kanti ba ya kai wa gidanta. Kira masu maganin ƙwari, a canza katakon da ya lalace, ka karɓi rasit.

Hattara: in rufinka ko silinka na tsohon fallen asbestos ne, kada ka fasa, kada ka huda, kada ka goge shi a bushe. Ƙurarsa na haddasa sankara, shi ya sa Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya a 1999. Wanda bai fashe ba a bar shi yadda yake a sanar da mai saye, wanda ya fashe kuma ƙwararru ne za su cire.

Mataki na 5: Kashe wari daga tushensa

Mai saye yana iya yafe fenti mara kyau, amma wari yana bin sa har mota. Mafi yawan warin masai a cikin gida yana da sauƙin magani. Ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu da magudanar banɗaki akwai lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ɗan ruwa, ruwan nan ne ke tare iskar masai. Banɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, ruwan yakan ƙafe, wari ya taso. Zuba bokiti guda a kowace magudana duk mako, musamman in gidan ba kowa a ciki. In warin bai tafi ba, duba gindin masai ko ya saki, duba bututun fitar da iska, duba murfin sokawe ko ya fashe ko ya cika. In ya kusa cika, a kwashe kafin a fara kawo mutane.

Warin taba, na dabbobi da na maiƙon girki suna zama ne a cikin labule, kafet, katifa da silin kicin. Wanke labule, tsohon kafet kuwa naɗe shi ka fitar gaba ɗaya, domin daɓe mai tsabta ya fi shi. Wanke bangon kicin da ruwan ɗumi da sabulu kafin fenti, in ba haka ba fentin ba zai kama ba.

Hattara: kada ka cika gida da turare ko feshin ƙamshi ranar da za a zo dubawa. Mai wayo yana shiga zai tambayi kansa me ake rufewa.

Mataki na 6: Wuta, famfo da ƙananan abubuwa

Bi kowane soket da cajar waya, kunna kowane makunni. Soket mai baƙin tabo ko mai ɗumi, wayar da aka haɗa da salatif, wayoyin da ke lilo a bango, akwatin fiyus da aka ɗaure da zaren waya, duk suna gaya wa mai saye cewa an yi wa wutar gidan aikin jeka-na-yi-ka. Kira ƙwararren mai wuta ya duba, ya tabbatar akwai wayar ƙasa da na'urar da ke yanke wuta in an samu yoyon lantarki, wadda a gidaje ake sa mai miliamfa 30 (ma'aunin ƙarfin lantarki). Wannan ba aikin da za ka koya a gidanka ba ne.

Ƙarfin ruwa kuwa bokiti ne zai gaya maka. Buɗe famfo har ƙarshe ka duba agogo. In bokiti mai lita 10 ya cika cikin kusan minti ɗaya, babu laifi. In ya ɗauki minti biyu ko fiye, kwance ragar bakin famfo da kan shawa ka wanke, domin sau da yawa ƙasa ce ta toshe su, sannan a duba tsayin tanki da faɗin bututu.

Sauran a yini ɗaya kafinta da mai famfo za su gama: sa mai a hinji, fere ƙofar da ke gogar ƙasa, ɗaure kujerar masai, canza baƙin silikon na gefen baho, maye tayil ɗin da ya fashe. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. In suka kai goma, sun zama shaida cewa ba a kula da gidan.

Mataki na 7: Abubuwan da ka yi don jin daɗin kanka

Wannan ne matakin da ya fi zafi, domin abin da ke korar mutane sau da yawa shi ne abin da mai gida ya fi alfahari da shi, kuma ya kashe masa kuɗi. Ba laifi ka yi ba da ka tsara gidanka yadda kake so. Sai dai yanzu kana neman wanda zai hango kansa a ciki, kuma duk abin da ya cika kama da kai yana rage yawan masu iya hakan.

Masu sauƙin warwarewa su ne launi da ado: falo ja jawur, kowane ɗaki da nasa launin mai ƙarfi, takardar bango mai manyan zane, sili mai hawa uku da fitilu kala-kala, madubi bango guda, sunanka da aka zana a get ko a daɓe. Fenti da sukuddireba sun isa.

Masu wuya su ne na tsarin gida. Ɗakin kwanan da sai an ratsa wani ɗakin ake shigarsa, mai saye ba ya ƙirga shi a ɗaki, don haka kai ma kada ka ƙirga shi a talla, ka kira shi ɗakin karatu ko na kaya. Banɗakin da ƙofarsa ke buɗewa cikin kicin ko take kallon falo kai tsaye, tambayi magini ko za a iya mayar da ƙofar wani bango, in ba zai yiwu ba a yi ɗan shinge a gabanta. Ɗaki biyu da ka fasa ka haɗe ya zama ƙato ɗaya, in bangon tsakani ba mai ɗaukar nauyi ba ne mayar da shi aiki ne mai araha, kuma yawan ɗakuna na daga abin da mutane ke fara tambaya. Garejin da ka mayar ɗaki ko shago har mota ta rasa wurin kwana, auna ka gani: in ƙofar kawai aka toshe, buɗe ta. Ɗakin da aka ƙara a baya ya toshe tagar wani ɗakin ya bar shi cikin duhu da zafi, wannan kam wani lokaci rushe shi ya fi barinsa riba.

Matakalar bene tana da nata hukuncin, domin ƙafa tana gane kuskuren da ido bai gani ba. Auna tsayin kowane taki. Bai kamata ya wuce kusan santimita 19 ba, kuma bambancin da ke tsakanin taki da taki kada ya kai sama da santimita 1. Matakala marar mariƙi, ko baranda mai gajeren shinge, ko sandunan da tazararsu ta wuce santimita 10 har kan yaro zai iya shiga, suna korar iyaye da masu tsofaffi a gida nan take. Mariƙi da ƙarin sanduna aikin mai walda ne na kwana ɗaya ko biyu.

Wurin ninƙaya, tafkin kifi da maɓuɓɓugar ado suna raba masu saye biyu: kaɗan na so, da yawa kuɗin kula da haɗarin yara suke gani. In akwai, ko dai ya kasance tsaf yana aiki da shinge, ko a cike shi. Wanda ruwansa ya yi kore shi ne mafi muni.

Hattara: kada ka taɓa bango, ko don buɗewa ko don mayarwa, sai injiniya ko gogaggen magini ya tabbatar ba shi ke ɗauke da nauyin sama ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na 8: Rage kaya, shigo da haske, sannan fenti

Sai yanzu aka zo kan fenti. Kafin shi, fitar da kamar kashi ɗaya cikin uku na kayan kowane ɗaki, ka kai ajiya wani wuri. Kada ka cusa su a sito ko kabad, domin masu saye suna buɗewa, kuma cikakken sito yana cewa gidan ba shi da wurin ajiya. Sauke hotunan iyali, wanke gilasai, sassabe reshen da ya rufe taga, cire labule masu kauri. Canza duk ƙwan fitilar da ya mutu, kuma a ɗaki ɗaya su zama launi ɗaya.

Zaɓi launi mai haske, fari ko ruwan madara, ka bi gidan da shi. Lita ɗaya takan shafe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya. Ɗaki mai mita 4 da 4, tsayinsa mita 3, bangonsa murabba'in mita 48 ne, in an cire ƙofa da taga shafa biyu za ta ci kusan lita 8. Bango mai launi mai duhu yana buƙatar fentin shimfiɗa tukuna, haka ma tsohon tabon ruwa, in ba haka ba zai sake ɓullowa ta cikin sabon. In kuɗi ya gaza, fifita get, ƙofar shiga, falo da kicin. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma tun daga bakin get yake fara awo: ciyawa, tarin shara, tsatsar ƙofa, kwatar da ta tsaya.

Hattara: tsohon fentin mai na iya ƙunsar dalma. Amurka ta hana shi a gidaje a 1978, wasu ƙasashe sun daɗe bayan haka suna amfani da shi. Kada a goge shi a bushe, kuma a nisanta yara da masu ciki daga wurin aikin.

Mataki na 9: Haɗa takardu tun kafin a tambaya

Gida na iya zama tsaf, takarda ta riƙe shi watanni. Tara shaidar mallaka, taswirar fili, amincewar hukuma a kan zanen gini, rasitan haraji da na wuta da ruwa, da rasitan gyaran da ka yi yanzu. Gwada taswirar da abin da ke ƙasa: katangar da ta shiga filin maƙwabci ko ta ci hanya, da ɗaki ko benen da aka ƙara ba izini, lauyan mai saye zai gano su, banki kuma ba ya ba da rance a kansu cikin sauƙi. In gidan na gado ne ko na haɗin gwiwa, a samu amincewar kowa a rubuce kafin a sa shi a kasuwa. Dokar wannan ta bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka ga lauya tun yanzu.

Mataki na 10: Abin da ba ya gyaruwa

Babban titi mai hayaniya, layin wuta mai ƙarfi a saman gida, masana'anta ko wurin taro a maƙwabta, lungun da mota ba ta shiga, unguwar da ruwa ke kwanciya, fili mai siffar da ba ta miƙe ba. Ana iya sassauta wasu, misali taga mai rufuwa gam tana rage ƙara, amma ba a kawar da su. Maganinsu biyu ne, farashi da gaskiya.

Nemi gidaje uku zuwa biyar masu kama da naka a kusa waɗanda aka riga aka sayar, ka tambayi nawa aka sallama su, ba nawa aka sa musu ba. Naka mai aibin da su ba su da shi dole ya zauna ƙasa da su tun ranar farko. Gidan da ya fara da tsada yana cinye makonnin farko, lokacin da aka fi kallonsa, daga nan ya yi kwantai, mutane su fara tambayar me ya sa har yanzu yana nan.

Faɗi aibin da bakinka, tun a zuwan farko, tare da takardar da ta shafe shi: ga tsagar, ga rahoton injiniya, ga inda rufi ya yi yoyo, ga rasit ɗin gyara. Na san ana jin tsoron hakan zai kori mutum. Wanda zai gudu saboda shi, gara ya gudu yau da ya gudu bayan ka kori wasu masu tayi domin sa. A ƙasashe da yawa ɓoye aibin da ka sani yana iya kai ka kotu ko ya warware cinikin bayan an biya. Ko babu doka ma, mutum zai zuba abin da ya tara shekaru a wannan gida, yana da haƙƙin sanin abin da yake saye. Ka kuma gaya wa dillali ya nemi wanda aibin bai dame shi ba: gidan bakin titi da mai iyali ke gudu, mai neman ofis ko shago nemansa yake.

Mataki na 11: Ranar dubawa da abin da ke biyo baya

Buɗe tagogi awa ɗaya kafin a zo, kunna fitilu, zuba ruwa a magudanai, fitar da shara, ɗaure kare ko a kai shi wani wuri. Makullin kowane ɗaki ya kasance a hannu, domin ɗakin da aka ce "makullin ba ya nan" shi mai saye zai tafi yana tunani. Ka gaisa, ka amsa tambaya, sannan ka ja baya su zagaya su yi shawara a tsakaninsu.

Bayan kowane zuwa, sa dillali ya kira ya tambayi abu ɗaya: me ya hana ku tayawa? Rubuta amsoshin. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ra'ayinsa ne, abin da uku suka maimaita kuwa ka mayar da shi Mataki na 2 ka ga kashin da ya faɗa. In mutane kusan goma sun duba babu tayi, kuma ka gama da kashi na farko da na biyu, saura farashi: rage shi sau ɗaya, ragi mai ma'ana da zai kai gidan gaban sababbin masu nema, ka sake ɗaukar hotuna da rana bayan gyaran, a sa su a madadin tsofaffin.